Yadda Na Bar Gaban Allo Na Koma Gefen Ɗalibaina

Ni malamin lissafi ne a babbar sakandare, kuma mafi yawan shekarun da na yi a wannan aiki a ajin ƙarshe na yi su, ajin da yara ke fita daga cikinsa su nufi jami'a ko kwalejin fasaha, wasu kuma su faɗa neman abin yi kai tsaye. Ba gadon koyarwa na yi ba. Wani malami ne ya ja ra'ayina tun muna yara. Idan ya ga ka kasa ba ya ɗaga murya, sai ya jawo kujera ya zauna kusa da kai ya ce, "Nuna mini inda ka tsaya." Da burin zama irinsa na shiga aji, amma aikin bai ba ni wannan dama ba sai bayan shekaru masu yawa.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san dalili. Minti arba'in ne a hannunka. Kafin ka kira suna, yara su nutsu, ka tuna musu darasin jiya, kusan goma sun tafi. Ka yi bayani a allo, ka kawo misali biyu ko uku, ka tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya ɗaya cewa an gane, sai ƙararrawa. Ka ba da aikin gida ka fita. To, wahalar lissafi ba a sauraro take ba, tana wurin da yaro zai ɗauki biro ya warware tambaya da kansa, kuma wannan wurin ne yake fuskanta shi kaɗai da daddare, babu wanda zai tambaya. Washegari wasu su kawo aikin da suka kwafa, wasu su zo hannu rabbana, ni kuma manhaja na kora ta zuwa babi na gaba. Masu saurin fahimta sun gaji da jira, waɗanda aka bari a baya tun shekarun baya suna zaune shiru a ƙarshen aji, ni ina magana da na tsakiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin tsofaffin ɗalibaina da ke dawowa gaishe ni bayan shekararsu ta farko a jami'a. Cikinsu har da waɗanda suka fita da sakamako mai kyau, amma suka yi tuntuɓe a can. Wani daga cikinsu, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, ya zauna a ofis ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Malam, a can babu mai tambayar ka ko ka yi karatu. Malami zai shigo ya yi lacca ga mutum ɗaruruwa, ya faɗi littafin da za a duba, ya fita. Sai ranar jarrabawa ka san kanka." Ƙwaƙwalwa yana da ita. Abin da bai taɓa koya ba shi ne riƙe karatunsa da kansa, domin tun yana ƙarami wani ne ke faɗa masa shafin da zai buɗe, da lokacin da zai buɗe shi, da hukuncin da zai sha idan bai buɗe ba. Haka makaranta ke tarbiyyantar da su, sannan rana ɗaya a sake su a ce su iya da kansu.

A wani taron ƙara wa juna sani na malamai na fara jin labarin binciken Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago. A 1984 ya wallafa cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, kuma ba a wuce da shi gaba sai ya ƙware a abin da ke gabansa, yakan zarce kusan kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji na yau da kullum. Masu bincike na baya sun samu tazarar da ba ta kai haka girma ba, amma ba su musa cewa koyarwar gaba da gaba ta fi tasiri ba. Bloom da kansa ya san babu ƙasar da za ta iya ɗaukar wa kowane yaro malami, don haka tambaya ya bari: ta yaya za a kusanci wannan sakamako a cikin aji mai cike da yara? Da wannan tambaya na koma gida ranar.

Daga baya na karanta abin da wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka yi a wata sakandare da ke Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. A 2007 suka fara ɗaukar darussansu a bidiyo saboda ɗaliban da ke rasa aji idan sun tafi wasanni. Sai suka lura har waɗanda ba su yi fashi ba suna kallo don su maimaita. Daga nan suka juya tsarin: bayani a kalle shi a gida, aikin da a da ake kaiwa gida a yi shi a aji, malami na tsaye kusa. A wannan tsakanin ne kuma Salman Khan, wanda ya fara da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya riƙa sa gajerun darussa a YouTube, har aka kafa Khan Academy, dandalin darussa kyauta a intanet, a 2008. Abin da ya kama hankalina a labaran nan biyu shi ne babu wanda ya fara da manyan kayan aiki. Malami ne da muryarsa da abin rubutu.

Ni ma da wayata na fara. Nakan jera littattafai a kan tebur, in ɗora wayar a samansu kyamara na kallon ƙasa, in shimfiɗa farar takarda. Hannuna kawai ake gani da muryata. Na sa wa kaina ƙa'ida cewa kowane faifai ba zai kai minti goma ba, kuma abu ɗaya tak zai koyar. Idan na yi tuntuɓen harshe ba na sake ɗauka, sai in gyara in ci gaba kamar yadda nake yi a aji, domin yara sun fi sakin jiki da muryar da suka sani fiye da ta baƙon da ya ƙware a magana. Masu waya a gida na tura musu ta WhatsApp, wasu na zuba musu a katin ajiya don kada rashin data ya hana su. Waɗanda ba su da komai na nema musu izinin shiga ɗakin kwamfuta na makaranta kafin a shiga aji ko bayan an tashi, na kuma buga musu darasin a takarda, mataki bayan mataki. Wannan ban yi wasa da shi ba. Tsarin da zai ƙara wa mai hali ya bar marar hali a baya ba shi da amfani a wurina.

A cikin aji kuma sai na raba su rukuni uku. Ɗaya na kan na'ura yana gwaje-gwaje, ɗaya na zaune a da'ira suna warware tambayoyi tare, na ukun yana wurina. Bayan ɗan lokaci su yi musaya. A nan ne karon farko na samu kaina a zaune da yara shida ko bakwai, ina kallon yadda biro ke tafiya a kan takarda.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. Ba ta fashi, littafinta tsaf, ba ta taɓa ba ni matsala ba, makinta kuma kullum a bakin gaɓa yake, ba ta faɗi ba ba ta haye ba. Ranar da ta zo rukunina muna kan aljabara, sai na ga ta bi duk matakan daidai har ta iso wurin da za a haɗa rabi da sulusi. Ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ce, "Ɗiyata, tsakanin rabi da biyu cikin biyar wanne ya fi yawa?" Ta yi shiru, ta zana layi ta raba shi, can ta ce rabi ne. Na ce, "To ta yaya za ki ƙara wa rabi wani abu, ya dawo bai kai rabi ba?" Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, tun muna firamare ban gane wannan ba. Kunya ce ta hana ni tambaya, kuma kowace shekara kunyar ƙaruwa take." Shekara da shekaru tana haddace matakai don ta rufe wannan rami. A gaban allo ba zan taɓa ganin sa ba, domin abin da ke iso ni shi ne amsar ƙarshe da jan biro.

Muka zana doguwar sanda muka yanka ta gida shida. Rabi ya zama gida uku, sulusi ya zama gida biyu, ta ƙirga da yatsa ta ce biyar cikin shida. A daren na ɗaukar mata faifai na musamman a kan haɗa kaso da kaso, ban tura wa kowa ba sai ita. Daga baya ta gaya mini ta yi ta mayar da shi baya tana sake kallo, abin da ba za ta iya roƙon mutum ya yi mata ba. Wannan ne amfanin na'ura na gaskiya a ganina: ba ta gajiya da maimaici, ba ta kuma yi wa yaro kallon da zai sa ya haɗiye tambayarsa. Amma ba ita ta gano ramin ba, zaman da muka yi ne ya gano shi. Kafin ƙarshen zangon yarinyar nan ita ke yi wa 'yan rukuninta bayani.

Ba komai ya tafi sumul ba. Matsalar farko ita ce yaro ya kalli bidiyo ya ji kamar ya gane, alhali kallo kawai ya yi. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna yadda abin da mutum ya koya ke zubewa da sauri a kwanakin farko idan bai waiwaye shi ba. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda, fiye da wanda ya yi ta maimaita karantawa. Saboda haka na haɗa kowane faifai da 'yan tambayoyi a Google Forms, fom ɗin da ake cikewa a intanet, na kuma wajabta wa kowa ya shigo aji da tambaya ɗaya rubutacciya a kan abin da ya kalla. Kafin in shiga aji na riga na san wanda ya kasa tambaya ta uku da wanda bai taɓa aikin ba, kuma da wannan nake tsara wanda zai fara zama a wurina.

Akwai kuma iyaye. Wata uwa ta zo har makaranta ranta a ɓace ta ce, "Malam, mu muna fama mu raba yaran nan da waya, kai kuma kana mayar musu da ita?" Tana da gaskiya, na kuma faɗa mata haka. Na ce, "Hajiya, ki riƙe wayar a hannunki. Minti goma sha biyar kawai za ki ba shi, a gabanki, ki ji muryata da kunnenki, in ya gama ki karɓe." Ta yarda a kan haka. Cikin abokan aiki ma an samu masu cewa ajina ya yi hayaniya, wani mai duba makarantu kuma ya taɓa tambaya ta dalilin da ya sa ya same ni a zaune maimakon a tsaye gaban allo. Na roƙe shi ya zagaya ya tambayi kowane yaro abin da yake yi da dalilin yin sa. Ya zagaya, ya dawo bai ƙara magana a kai ba. Aikin kansa ya fi na da nauyi, musamman a shekarar farko da ake ɗaukar darussan daga tushe, kuma duk mai cewa wannan tsari hutu ne ga malami bai gwada shi ba.

Ina jin takaici idan na ga ana auna ci gaban makaranta da yawan kwamfutocin da aka saya. An gwada wannan a duniya. Shirin One Laptop per Child da aka fara a 2005 ya raba wa yara ƙananan kwamfutoci a ƙasashe da dama, Peru kaɗai ta karɓi dubban ɗaruruwa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Shekarar 2020 ta ƙara tabbatar mini da wannan. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, UNESCO ta ce ɗalibai kusan biliyan 1.6 abin ya shafa a ƙasashe sama da 190. Ɗalibaina sun fi wasu shiri, tunda sun saba da koyo ta waya, kuma da yawansu sun riƙe karatunsu. Duk da haka na ga yadda wasu suka riƙa dusashewa. Yaron da a aji kallo ɗaya zan yi masa in san akwai damuwa, sai ya zama suna a jerin waɗanda ba su turo aiki ba. Wani sai da na kira mahaifinsa na ji ashe ya koma taya shi aiki, wayar gidan kuma guda ɗaya ce tsakanin mutum da yawa. Rabin tsarin ne ya rage a hannunmu a lokacin, kuma rabin da ya ɓace shi ne mai rai. Ranar da aka koma aji na ji daɗin hayaniyar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Maganar tsohon ɗalibin nan ita ta sa na mayar da hankali kan sakin linzami a hankali. A zangon farko ni ke faɗin abin da za a kalla da ranar da za a kawo aiki. A na biyu sai in ba su aikin mako guda gaba ɗaya, kowa ya rubuta jadawalinsa ranar Litinin, ranar Juma'a mu zauna minti biyu mu duba abin da ya yi alkawari da abin da ya cika. A zangon ƙarshe babi sukutum nake ba su da ranar gwaji, kamar yadda za su tarar a jami'a. Wasu sukan tara aiki har ya danne su. Na gwammace hakan ta same su a gabana, inda za mu zauna mu duba abin da ya faru su sake shiri, da ta same su a wurin da babu wanda ya san sunansu.

Lokacin da na samu a aji ya kuma ba ni damar koya musu abubuwan da babu su a manhaja, alhali su ne ke tare yaro a ƙofa. Yadda ake rubuta wa malamin jami'a imel da gaisuwa da bayani a taƙaice. Yadda ake karanta sharuɗɗan shiga wani kwas tun kafin a zaɓi darussan jarrabawa, domin na sha ganin yaro ya ƙwallafa rai a kan fanni, sai a ƙarshe ya gano akwai darasin da ake buƙata wanda bai ɗauka ba. Mun cike takardun neman tallafin karatu tare, mun rubuta takardar bayanin kai ta neman aiki, sun koyi jera lissafi a Excel. Nakan kuma haɗa su da ma'aikata ta kiran bidiyo. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna musu yadda take lissafa yawan maganin yaro gwargwadon nauyinsa, ta ce kuskuren ɗigo ɗaya a lamba na iya ninka magani sau goma. Ajin ya yi tsit. Tun daga ranar ban ƙara jin wani ya tambaye ni amfanin lambobin bayan ɗigo ba.

Ba kowane yaro ne hanyarsa ta bi ta jami'a ba, kuma ba na ɓoye musu wannan. Akwai wani yaro da lissafi bai dame shi ba ko kaɗan, amma duk abin lantarki da ya lalace a makaranta shi ake kira. Burinsa ya koyi haɗa wutar sola, mahaifinsa kuma so yake ya karanta likitanci. Da ya zo rukunina sai na ajiye littafi na ce, "Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, awa nawa zai riƙe fanka mai wat 60?" Idonsa ya buɗe. Ya ninka 12 da 100 ya samu 1,200, ya raba da 60 ya ce awa 20. Sai ya ɗago kai ya ce, "Amma Malam ba zai kai ba, ai ba a zuƙe batir har ƙasa, kuma inbata ma tana cin nata." Ya san abin da littafina bai faɗa ba. Daga ranar na riƙa haɗa masa tambayoyinsa daga cikin sana'ar, na nemo masa darussan lantarki a intanet, ya kuma fara zuwa da lissafin da ya yi da kansa in duba masa. Na zauna da mahaifinsa na nuna masa takardun. Na ce, "Alhaji, yaron nan ba gudun karatu yake ba, karatunsa ne ya samu." Bai amsa nan take ba, ya ɗauki lokaci yana shawara, amma daga baya ya bar shi ya shiga kwalejin fasaha. Yau yana da yaran da yake koya wa aiki, kuma ya taɓa zuwa ya yi wa ɗalibaina bayanin yadda ake auna wutar da gida ke buƙata kafin a sayi farantin sola ko ɗaya.

Yanzu wani sabon abu ya shigo. An fito da ChatGPT, manhajar kwamfuta mai amsa tambayoyi kamar mutum, a ƙarshen 2022, kuma yau yaro na iya ɗaukar hoton tambaya ya samu amsa da matakanta cikin daƙiƙa kaɗan. Aikin gida ya daina gaya mini gaskiya kamar da. Ban hana su amfani da shi ba, domin za su tarar da shi a jami'a da wurin aiki, kuma hani ba zai kai ɗakin kwanansu ba. Abin da na yi shi ne na ƙara wa zaman rukuni nauyi. Duk wanda ya kawo amsa sai ya yi mini bayaninta da baki, in canza lamba ɗaya ya sake warwarewa a gabana. Wani lokaci nakan kawo amsar da na'urar ta bayar mai kuskure a ciki, in ce su nemo inda ta kauce. A zangon nan kuma ina sake ɗaukar tsofaffin faifaina na aljabara, ina tsayawa a tsakiyar kowanne in ce a dakatar a gwada kafin a ci gaba, sannan ina koya wa wasu sababbin malamai biyu da aka turo mana yadda za su ɗauki nasu.